Ranar da Na Auna Rumbunan Surukina

Shekarar da na yi aure ita ce shekarar da na samu aikin ƙididdiga, kuma ita ce damina ta biyu a jere da ruwa ya ɗauke mana gero bai gama cika ido ba.

A Kankiya nake zaune lokacin, a ɗaki ciki da falo na haya, bayan tasha. Wata cibiyar binciken noma ce daga Zariya ta ɗebi samari masu takardar sakandare, ta ba mu ɗan horo, ta rarraba mu ƙauyuka mu auno abin da ya rage wa mutane na hatsi bayan fari. Kuɗin mai sun fara shigowa ƙasa, mu 'yan albashi mun fara jin ƙamshinsu. An ba ni babur na aiki. Na sayi rediyo mai jaka, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa irin wanda ake yayi. In na ratso tasha da safe sai 'yan kamasho su ɗaga mini hannu, ni kuma in danna musu ƙaho.

Matata 'yar Mawashi ce. Mahaifinta manomi ne wanda ake kwatance da shi. Yana da rumbunan ƙasa uku manya a bayan gida, tun daga hanya ake hango jinkarsu. Shi ne irin mutumin da ake zuwa wurinsa neman iri in damina ta faɗi, kuma ba a taɓa jin ya ce babu ba. Duk ranar kasuwar Kankiya sai wani maƙwabcinsa mai zuwa cin kasuwa ya biyo ta gidanmu da ƙunshi, ya ce ga saƙo daga gida. Tiyar gero ce yawanci, wani lokaci da wake ko ƙwan zabi. Ni kuwa in abokai sun zo, matata ta dama fura, sai in ce, "Ku sha da kyau, wannan geron Mawashi ne daga rumbu, ba irin na buhu ba ne da kuke saye." Na faɗi maganar nan ya fi a ƙirga.

Shugabanmu a aikin malamin ƙididdiga ne, wani dogon Bazazzagi mai saurin magana, kullum da alli a aljihun rigarsa. Shi ya zo Kankiya da kansa ranar da za a zaɓi gidajen da za mu shiga. Mun riga mun zagaya mun ba kowane gida lamba. Ya fito da wani littafi wanda ba komai a cikinsa sai lambobi birjik, babu tsari babu ma'ana, ya rufe ido ya ɗora tsinin fensir a kan shafi, ya fara karantowa daga inda fensirin ya faɗa. Duk lambar da ta fito, gidan da ke ɗauke da ita ya shiga.

"Mai sayen gero ba ya duba bakin buhu," in ji shi. "Mai sayarwa ya san nan za a duba, nan ya zuba mai kyau. Sai ka zura hannu can ciki inda ba wanda ya shirya maka. Littafin nan shi ne hannunmu."

Mawashi ce ta faɗo a rabona. Yana kiran lambobi ina dubawa a takardata, har ya kira wata, na duba, na sake dubawa.

Na jira aka tashi, na same shi yana ɗaure jakarsa. Na ce, "Malam, akwai gida ɗaya da nake so a canza mini. Ko na kusa da shi a ba ni."

"Me ya same shi? Ya rushe?"

"Gidan surukina ne."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Da ya ga ni ba dariya nake ba sai ya gyara fuska.

"Na san nauyin abin," ya ce. "Ni ma ina da surukai. Amma ka duba. In ka canza wannan don kunya, wancan zai canza nasa don akwai kare a ƙofa, wani don nisa, wani don mai gidan ba ya fara'a. In aka gama, gidajen da suka rage mana su ne masu sauƙin shiga. Gida mai sauƙin shiga kuwa a shekara irin wannan, yawanci shi ne mai abinci. Ka ga sai mu kai wa gwamnati labarin ƙoshi. Gidan da ya fito shi za a shiga. Amma ba dole kai ba. In ka samu wanda za ku yi musaya, ku yi."

Mu biyu ne kawai a yankin Kusada, inda Mawashi take, ni da wani abokina da muka yi makaranta tare. Shi an tura shi Kaikai wurin makiyaya saboda yana jin Fillanci, ni kuwa ban wuce gaisuwa ba. Na roƙe shi ya zo ya yi mini gidan nan ɗaya. Ya ce makiyayan suna shirin tashi da shanu su yi kudu, in ya bar su yini guda ba zai sake ganinsu ba sai baɗi. Gaskiya ya faɗa. Amma ya samu abin tsokana. Duk inda muka haɗu sai ya durƙusa ya ƙanƙantar da murya ya ce, "Baba, a gafarce ni, dami nawa ne a rumbu?"

Wanda bai taso cikinmu ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Tun da na fara neman aure ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunan 'yarsa yana ji ba. In na hango shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi. Yanzu ga shi an ce in zauna gabansa da fensir in tambaye shi bakin mutum nawa yake ciyarwa, sa'an nan in hau tsani in leƙa cikin rumbunsa.

Na yi ta ja da baya. Na gama duk sauran gidajen Mawashi, ina zagaye unguwarsu ta bayan gari don kada a ce an gan ni ban shigo gaisuwa ba. Abin da na gani a gidajen bai yi daɗi ba, amma a raina ina cewa ai gidan Baba daban ne, kunyar tambaya ce kawai zan sha in fito. Da ba sauran gida sai nasa, na ajiye wandon yayi na sa babbar riga. Na kashe babur tun daga bakin gari na riƙa tura shi, na jingine shi gindin wata bedi, na ƙarasa da ƙafa.

Na same shi da hantsi a zaure shi da dattawa biyu na unguwa. Na durƙusa aka yi gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi iyayena, ya tambayi aiki. Sa'an nan ya ce, "Mun ji kana ta yawo cikin gari da sanda. Yau kuma mu aka zo wa?"

"Baba, ba ni na zaɓa ba. Ƙuri'a ce ta faɗo."

"To, ƙuri'a ba ta san suruki ba. Bisimilla."

Na karanta masa bayanin da muke karanta wa kowa, kaina a ƙasa: cewa ba haraji ba ne, cewa ba za a rubuta suna ba sai lamba, cewa abin da aka gani ba mai ji. Da na zo kan yawan mutanen gida, ya ce, "Akwai dai na Allah." Ɗaya daga cikin dattawan ne ya taimake ni, ya lissafo mini su da yatsu, ba tare da an kira kowa da suna ba. Da na zo kan hatsi, dattijon nan bai ma bari na gama tambaya ba.

"Wanga kuma ai ba sai an tambaya ba. Rumbu uku, cike. Rubuta."

Wallahi na ji daɗi. Na ɗora fensir zan rubuta in tashi. Sai surukina ya ce, "Aikin naku, da baki ake yin shi ko da ido? Sauran gidaje na ji an ce hawa kake yi."

"Haka aka ce mu yi, Baba. Amma..."

"To, tashi." Ya juya wajen dattawan ya ce, "Ku yi mini haƙuri, in shiga da yaron ga ya yi aikinsa."

Muka bi ta gefen gida, ba ta tsakar gida ba. Duk da haka ta wata kafa a jikin zana idona ya faɗa kan tabarmi biyu da aka shanya ganyen tafasa a kai, da turmi a kife. Na kawar da kai da sauri. Shi ya ɗauko tsani da kansa, ya hana ni karɓa. Ya jingina shi a jikin rumbun farko ya riƙe ƙafafunsa, ya ce in hau.

Yadda muke awo shi ne, mu zagaye cikin rumbu da igiyar awo, sa'an nan mu hau mu ɗaga jinka, mu zura wata doguwar sanda mai zane-zane har ta taɓa hatsi. Daga nan ake gane inda hatsin ya tsaya. Na ture jinka, na tarar an liƙe murfin da laka kamar yadda ake yi wa rumbun da ba a so a taɓa sai damina. Na ɓamɓare. Na zura sanda. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har hannuna ya shige zuwa kafaɗa, sai na ji ta bugi ƙasa, ƙwas.

Na leƙa. Duhu ne da warin ɓera.

"Sauko mu je na biyu," in ji shi.

Na biyun ma haka. A na uku akwai 'yan zangarnu a ɗaure can ƙasa, waɗanda aka zaɓa don iri, da wani tsibin dusa a gefe. Iri kuwa dabam muke rubuta shi, ba ya shiga lissafin abinci.

Na sauko. Ya ba ni baya yana gyara tsani.

"Mi ka gani?"

Na ciro fensir da takarda na riƙe.

"Rubuta abin da ka gani. Ba a cin amanar aiki don suruki." Ya dafa jikin rumbun. "Bara mutane suka yi ta zuwa, ban iya hana su ba. Na ce bana in sha Allahu a mayar. Bana kuma ka ga yadda ta yi. Na liƙe su ne don in mutanen gari suka san nan ma babu, da yawa za su watse tun kafin ruwa ya sauka, a rasa mai shuka. Suna ganin jinkar nan suna samun ƙarfin zuciya."

Na durƙusa a gindin rumbun na rubuta sifiri. Ban taɓa sanin rubuta ɗan da'ira yana da wuya haka ba.

"Ka ce ba mai ji."

"Ba mai ji, Baba."

"Har ita yarinyar."

"Har ita."

Ya sa ni na kwaɓa laka muka sake liƙe murafan. Muka wanke hannu muka koma zaure, dattijon nan ya ce, "Ka gani ko? Na faɗa maka." Na ce na gani. Da zan tafi, surukina ya nuna mini wani ƙunshi da aka ajiye a bakin ƙofar cikin gida, ya ce saƙon uwar yarinya ne. Na ji muryarta daga bayan zana tana cewa a gaishe da mutanen gida. Gero ne, kamar kullum. Babu yadda za a yi in ƙi karɓa a gaban mutane. Na rungumo shi har gindin bedi, na ɗaure a bayan babur, na yi ta tafiya a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya.

Matata ta yi murna da saƙo. Washegari ta dama fura ta kawo mini, na ce cikina ba daɗi. Da gari ya sake wayewa ta kawo, na sake cewa haka. Har ta jiƙa mini kanwa.

Bayan an gama zagaye aka kira mu Zariya mu ga yadda ake sarrafa abin da muka tattaro. A nan na fara ganin kwamfuta, in dai gani za a kira shi, don ta bayan gilashi muke hango ta. Ɗaki guda ta cika, an sa mata sanyi fiye da na ofishin kowane babba. Ba a yi mata magana sai da kati. Kowane gida kati ɗaya ne, ana huda masa ƙananan ramuka a kan wani inji mai kama da tafireta. A saman tulin sai a ɗora wasu katunan masu ɗauke da umarni, na wani shiri da aka yi musamman don ƙididdiga. Ka miƙa ta taga, ka dawo gobe ka karɓi amsa a doguwar takarda mai naɗi.

Malam ya sa mu ja layi a karkace da jan alƙalami a gefen tulin katunan, don in sun zube a gane yadda za a mayar da su. Ya sa mu huda kowane kati sau biyu, mutum biyu daban, a gwada. Duk da haka karon farko da muka miƙa, inji ya dawo mana da shafi ɗaya tal, yana cewa bai gane umarni ba. Ɗigo ɗaya muka manta. Malam ya ce, "Madalla. Ranar da ya ƙi ba ku amsa ku gode masa. Ranar da za ku ji tsoro ita ce ranar da ya ba ku amsa da sauri, don ba ya da kunya, ko shirme kuka ba shi zai raba muku shi daidai."

Karo na biyu amsa ta fito. Muka taru a aji, wani daga cikinmu ya yi sauri ya nemo matsakaicin hatsin da ke akwai ga kowane mutum a Mawashi, wato a tara duka a raba daidai. Ya karanto. Bisa ga adadin nan, garin zai kai kaka ba tare da yunwa ba. Na ji abin wani iri, don ni na shiga gidajen da ƙafata.

Malam ya karɓe takardar. "Wa ya ce ku fara da matsakaici? Abu na farko da za ku tambayi inji shi ne ya jero muku kowane adadi da aka ba shi, da sau nawa ya fito. Sa'an nan ku dubi kan layi da wutsiyarsa. A can ƙarya take ɓuya, a can kuma gaskiya mai zafi take."

Ya buɗe shafin da ke da jerin. A can ƙarshe akwai gida ɗaya mai hatsin da ya fi na gidaje da yawa a haɗe. Na san shi, na ce wani ɗan kasuwa ne da fatake daga Kano ke ba wa ajiya. Malam ya sa mu tashi mu jeru bisa tsawo, ya ce wanda ya fi kowa tsawo ya hau kan tebur.

"Yanzu in aka tara tsawonku aka raba, kun ƙaru. Akwai wanda ya ji ya ƙaru? Amma ku dubi wanda ke tsakiyar layi, bai motsa ba. In akwai mutum ɗaya a kan tebur, na tsakiyar layi za ku tambaya labarin gari."

Muka yi dariya, har da ni. Sa'an nan ya koma farkon jerin, inda sifiri ya fito sau da dama, daga garuruwa daban-daban.

"Wannan inji," in ji shi, "in kun bar masa gurbi ba huji, sifiri yake karantawa. Bai san bambancin wanda ba shi da komai da wanda bai ba da amsa ba. Shi ya sa na ce in ba a samu amsa ba ku sa tara-tara, mu kuma mu gaya masa tara-tara ba hatsi ba ne, ya tsallake. Sifiri amsa ce, kuma amsa ce mai nauyi. Bari mu bi su ɗaya-ɗaya."

Ya riƙa kiran lambar gida da gari, wanda ya auna ya miƙe ya yi bayani. Na farko, mai gida ya yi tafiya, an bar gurbi. Na biyu, an hana shi hawa. Wani kuma kuskuren huji ne. Kowanne sai Malam ya zare katin ya ajiye gefe don gyara. Ina jin yana matsowa. Ya kira lambar.

Na miƙe.

"Gurbi ka bari?"

"A'a, Malam. Sifiri ne."

"Ka hau da kanka?"

"Na hau."

"Rumbu nawa?"

"Uku."

"Rumbu uku, ba ko tiya? Ga mutane cike da gida?" Ya duba takarda. "To me suke ci?"

"Na ga tafasa a shanye. Da dusa."

Wani daga baya ya ce ai gara a cire shi tare da na ɗan kasuwar, tunda duk biyun sun fita daban, sai lissafi ya daidaita. Malam ya ce ba a jefar da adadi don ya yi muni, sai in an tabbatar kuskure ne. Na ɗan kasuwa za a ware shi don hatsin ba na gari ba ne, a kuma rubuta dalili. Wannan kuwa yana nan. Ya ɗaga katin sama yana nuna wa aji. "Ku dube shi da kyau. Gida mai rumbu uku ba gidan matalauci ba ne. In irin wannan gida ya kai sifiri, kun san inda gari ya kwana. Saboda katin nan muka fita aikin."

Ya manta da maganar da muka yi a Kankiya, don gidaje da yawa sun bi ta hannunsa tun daga lokacin. Ba a kira suna ba, ba wanda ya san gidan wa ake nufi. Sai mutum ɗaya. Abokina na Kaikai yana zaune a gefena, ya san Mawashi, ya san gida ɗaya ne a garin mai rumbu uku. Ya kuma sha furar gidana ya ji abin da nake cewa a kanta. Na gan shi ya sunkuyar da kai yana wasa da fensir.

Bai sake yi mini tsokanar nan ba. Da ma ya ci gaba da ita, da ya fi mini sauƙi. A motar da ta dawo da mu, sai da muka kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ban ji komai ba a ajin nan." Na ce na gode.

Abin da ya rage shi ne yadda za a kai hatsi gidan da duk gari ya san ba ya buƙata. Suruki ba ya aika wa suruki da buhu haka kawai, cin fuska ne. Allah ya kawo mafita ta wajen matata, don tana da tsohon ciki, na fari, kuma bisa al'ada gidan iyayenta za ta je ta haihu ta yi wanka. Miji ne ke aika itace da hatsin kunu da kayan yaji. Mahaifiyata ta haɗa abin da aka saba. Ni kuma na shiga kasuwa na sayo buhunan gero da dawa iya ƙarfin albashina, na sayar da rediyo na ƙara. Da mahaifiyata ta ga an jibge su a ƙofar gida ta riƙe baki.

"Kai, mai jego ɗaya za ka ciyar ko unguwa? Za a ce muna nuna arziki a gidan da ya fi mu hatsi."

"Inna, yayi ne yanzu. Haka 'yan albashi ke yi."

Ta ce Allah ya shirya 'yan zamani. Ƙanwar mahaifiyata ce ta raka matata da kayan. Da ta dawo ta ce mai gidan ya daɗe yana kallon buhunan, sa'an nan ya ce, "Yaran yanzu ba su san tattali ba. A ce masa Allah shi yi albarka."

Matata ta haifi mace. Aka yi suna, na je na durƙusa daga nesa, ya sa mini albarka daga nesa. Da ta gama wanka ta dawo Kankiya, ta yi ƙiba kaɗan, amma fuskarta ba walwala. Ta bari baƙi suka watse, tana ba jaririya nono, ta ce, "Ka hau rumbunan Baba ranar da ka je."

Na ce na hau.

"Ka gani, ka dawo ka ce mini cikinka ne ba daɗi."

"An hana mu faɗa. Shi ma ya hana ni."

"Ka san inda geron da ake aiko mini yake fitowa? Inna ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ta shiga sayar da tasoshinta na aure. A kasuwar Kusada ake auno shi daga buhu, a ƙulle a zane a aiko mini, don kar in gane. Ni ina nan ina dama wa abokanka."

Ta daɗe ba ta sake mini fuska ba, kuma ban ga laifinta ba. Daga baya ita ta karɓi ragamar abin. Duk wata sai ta ware wani abu daga cefanenmu ta aika wa uwarta, a ce na kunun goyo ne ya yi saura, ko a ce tsaraba ce. Tsakanin uwa da 'ya ba a buƙatar dogon bayani. Saƙon ranar kasuwa kuma ya daina zuwa, ba wanda ya tambayi dalili.

Ba a daɗe da wannan ba, wata safiya na fito zan tafi aiki, na biyo ta tasha. Masu ci-rani sun daɗe da tafiya, sai 'yan tsiraru. A cikin masu jiran motar Kano na hango wani dattijo zaune a kan naɗaɗɗiyar tabarma, da buta da ɗan ƙunshi a gefensa. Surukina ne. Mutumin da bai taɓa kwana a wani gari don neman abinci ba, ya jira an gama suna da wanka, ya fito neman aikin ƙarfi. Lokacin ana ta gine-gine a birni, ana ɗaukar kowa.

Na taka birki. In na ƙarasa, dole in sauka in tuɓe takalmi in durƙusa a gaban 'yan kamasho, dole shi kuma ya gaya mini inda za shi. Na kashe babur na tura shi bayan wata babbar mota da aka yi wa lodin albasa, na tsaya a nan kamar ɓarawo. Wani ɗan kamasho ya hango ni ya ɗaga hannu zai yi kira, na yi masa alama ya yi shiru. Ta ƙarƙashin motar ina ganin ƙafafun dattijon da takalminsa na taya. Ina kyautata zaton ya ga babur ɗin tun daga nesa, don ya juya ya fuskanci gabas, bai sake waiwayowa ba har motarsu ta cika. Sai da ta hau titi ta ɓace sa'an nan na fito.

Ya dawo da ruwan farko, ya rame, ya shuka zangarnun nan da ya ɓoye. Daminar ta yi dama-dama. Ya yi shekaru masu yawa bayan haka, ya ga 'ya'yana sun girma, ni kuma na daɗe a aikin ƙididdiga har na koya wa wasu. Kullum na je Mawashi a zaure muke gaisawa, kaina a ƙasa, ya tambayi aiki in ce da godiya. Har ya bar duniya bai gaya mini abin da ya yi a Kano ba, ni kuma ban tambaya ba.